Tambaya da Amsa: Ina haɗarin yake a layi ɗaya tal?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Na haɗa wata ƴar manhaja da Python, mutum zai rubuta adireshin saba sai ta duba ko sabar na aiki, layin da na sa shi ne os.system("ping -c 1 " + adireshi). Tana yi lafiya lau, amma abokina ya ce wlh in na ɗora ta a intanet na shiga uku. Dan Allah ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka riƙe abokin nan naka da kyau, gaskiya ya gaya maka.

Kaga os.system ba ping yake miƙa wa rubutun kai tsaye ba, shell (wato manhajar da ke karanta umarni ta aiwatar da shi) yake ba layin gaba ɗaya, shi kuma shell bai san ina maganarka ta ƙare ina ta baƙo ta fara ba, duk abin da ya gani umarni ne a wajensa. To ace wani ya rubuta 8.8.8.8; cat /etc/passwd a akwatin. Da shell ya ga alamar ; ɗin nan sai ya ce ping ya gama, ga sabon aiki, ya buɗo fayil ɗin masu amfani da injin. In goge fayiloli mutumin ya rubuta ma haka zai goge, da duk ikon da manhajarka take da shi. Kuma ba ; kaɗai ba, akwai && da | da $( ), shi ya sa bana son dabarar nan ta zama kana tace alamomi ɗaya bayan ɗaya, sai ka manta wata.

Cire shell ɗin kawai daga tsakani: subprocess.run(["ping", "-c", "1", adireshi]). Tun Python 3.5 a 2015 yake nan. A haka komai mutum ya rubuta a dunƙule zai isa wajen ping, ping ya ce bai san wannan adireshin ba, shikenan. Amma dan Allah kar ka ƙara shell=True, ƙofar da ka rufe ce za ka sake buɗewa. In ya zama dole sai da shell akwai shlex.quote da ke killace rubutun baƙo don kar shell ya ɗauke shi umarni, sai dai na su Linux ne, kar ka dogara da shi a cmd na Windows.

Saura abu ɗaya da mutane ke mantawa, rubutun da ya fara da alamar - ping zai ɗauke shi a matsayin zaɓi ne ba adireshi ba. In lambar IP kake so, fara wuce da shi ta ipaddress.ip_address(adireshi), in ba IP bane zai jefo kuskure tun kafin a kai ga ping.