Gyaran da na yi wa nginx ya ɓace bayan sabuntawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da sabar Ubuntu ta wani shagon intanet. Watan jiya na ƙara layin LimitNOFILE=65535 a /lib/systemd/system/nginx.service, fayil ɗin da ke tayar da nginx, manhajar da ke nuna shafin shagon, don ƙara yawan fayilolin da zai iya buɗewa lokaci guda, komai ya lafa. Shekaranjiya na sabunta manhajoji da apt upgrade, cikin dare shafin ya tsaya cak, na duba babu layin nawa. Wani ya ce in mayar da shi in kulle fayil ɗin da chattr +i, ko in ɗaure nginx da apt-mark hold don kada a sake sabunta shi. Hankalina a tashe yake, mai shago sai kira yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, ba kutse aka yi maka ba, shuka ka yi a gonar wani. Duk abin da ke /lib/systemd/system na masu manhajar ne, kowace sabuntawa za ta shimfiɗa nata a kai. Gonarka ita ce /etc/systemd/system, kuma maganarta ce ke rinjaye.

Buga systemctl edit nginx. Zai buɗe maka override.conf a cikin foldar nginx.service.d. Rubuta [Service] a matsayin kan sashe, sai layinka ɗaya a ƙasa, ka adana, ka sake tayar da nginx. Kada ka kwafo fayil ɗin gaba ɗaya. In gyare-gyaren sun yi yawa, raba su: 10-iyaka.conf, 20-tashi.conf, bi da bi ake karanta su.

To, shawarar mutumin nan. Wallahi ta ishe ni, kusan kullum sai na gamu da ita, kuma da gadara ake ba da ita kamar wata basira. In ka sa chattr +i, ranar sabuntawa dpkg, mai girka manhajoji a sabar, zai zo sauya fayil ya ga ƙofa a rufe, ya tsaya a tsakiyar aiki, sauran manhajojin da ke layi su maƙale tare da shi. Na taɓa kwana a gaban wata saba saboda haka, wanda ya sa kullen ya daɗe da barin aikin, bai bar ko layi ɗaya na bayani ba. Sai da umarnin lsattr ya nuna mini ƙaramin harafin i ɗin nan, alamar kullen, ana kiran sallar asuba.

Shi kuwa apt-mark hold ya fi muni, don shiru yake yi. Babu kuskuren da zai fito, shafi na aiki, kai kana murna. A watan Mayu na 2021 an toshe wata kafar da masu kutse za su iya bi a sashen DNS na nginx, sashen da ke nemo adireshin shafuka daga sunayensu. Duk wanda ya ɗaure nasa kafin nan, gyaran ya wuce shi bai sani ba. Saboda layi ɗaya za ka bar bayanan masu sayayya a buɗe? Amana ce fa aka damƙa maka.

In ka gama, buga systemctl cat nginx ka ga fayil na asali da naka a jere. Sannan apt-mark showhold, ko wani ya riga ka ɗaure wani abu a sabar.