Tambaya da Amsa: Zan iya yi wa tsohon akwatin Vectrex sabon wasa?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Tahoua, na ɗan iya rubuta manhaja da harshen kwamfuta na C. Kawuna mai gyaran rediyo da talabijin ne, kuma a shagonsa akwai wani baƙin akwati mai gilashi a tsaye, an rubuta Vectrex a jikinsa. Wani ɗan ci-rani ne ya zo da shi daga Faransa tun da daɗewa. Yana kamawa, wasa ɗaya ne a cikinsa, sai dai yana wani irin gunji. Na ji an ce mutum na iya yi masa sabon wasa. Gaskiya ne? Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗana, gaskiya ne, kuma ka gaya wa kawunka kada ya kuskura ya farke akwatin nan don cire kayan gyara. Kamfanin GCE ne ya fitar da shi a Amurka a Nuwamban 1982 a kan dala 199 ta Amurka, kamfanin Milton Bradley ya sayi GCE a 1983 ya kai akwatin Turai, sannan kasuwar wasannin bidiyo ta rushe, aka daina ƙera shi a 1984. Wasan da kake gani sunansa Mine Storm, a cikin na'urar yake. Gunjin kuwa ba ciwo ba ne, da shi aka haifi yawancinsu, domin wayoyin sauti suna kwasar hayaniyar ɓangaren da ke sarrafa hoto. Tun 1996, lokacin da John Dondzila ya fitar da Vector Vaders, masu sha'awa suke yi masa wasanni a ɗakunansu, har an wuce yawan waɗanda kamfanin ya yi.

Abin da zai ba ka wahala shi ne yadda yake zana hoto. Wayarka da kwamfutarka suna ajiye hoto ɗigo-ɗigo a ma'ajiya, allo ya nuna. Vectrex ba shi da wannan ma'ajiyar sam. Tsinken haske guda ɗaya ne a cikin gilashin, kai ne za ka ce masa tafi can a kashe, kunna, ja layi zuwa nan. Ka tuna yadda yaro ke ɗaukar bakin wuta da dare yana wulwula shi har ka ga da'ira a iska? Da ya rage sauri da'irar ta ɓace. Haka hoton Vectrex yake, sai an sake zana komai sau 50 a kowace daƙiƙa.

Yi lissafin da kanka. Ƙwaƙwalwarsa Motorola 68A09 ce, mai bugu miliyan ɗaya da rabi a daƙiƙa. Raba da 50, ka samu bugu 30,000. A cikinsu za ka karanta sandar wasa, ka yi lissafin motsi, ka aika sauti, ka zana kowane layi. Idan ka zarce, hoton zai fara ƙyaftawa har ido ya yi ciwo. Kowane layi yana cin lokaci, domin tsinken tafiya yake yi da gaske. Shi ya sa ƙwararru ke rubuta lambobin siffa manya-manya, tsakanin -128 da 127, sai su rage ma'aunin girma, tunda ma'aunin nan shi ne tsawon lokacin da tsinken zai yi yana tafiya. Rubutu ma yana da tsada ƙwarai, kada ka cika allo da surutu. Sannan tsinken yana ɗan kaucewa idan ya daɗe yana yawo, don haka bayan kowace siffa ko biyu sai ka mayar da shi tsakiya ka sake tasowa.

Wurin ajiyar aiki kuma bayit 1,024 ne kacal, tsarin na'urar ya ci nasa, abin da ya rage maka bai kai 900 ba. Kaset ɗinsa, wanda ake sa wasa a ciki, yana ɗaukar har kilobayit 32.

Ta ina za ka fara? A kwamfuta. Sauke manhajar Vide, kyauta ce, tana da wurin rubutu, da kwaikwayon na'urar, da wurin zana siffofi. Sau ɗaya za ka kashe kuɗin intanet. Tana karɓar C, amma ni da za ka bi ta tawa, ka koyi harshen 6809 kansa, wato harshen ƙwaƙwalwar na'urar, mai sauƙin kai ne, kuma da shi za ka san inda kowane bugu ya tafi. Aikinka na farko: kira Wait_Recal (umarnin da ke cikin na'urar, mai jiran lokacin sabon zane ya daidaita tsinken), saita ƙarfin haske, zana murabba'i ɗaya, ka sa shi ya bi sanda. Kada ka wuce nan sai ya zauna daram.

In kana neman wasan da za ka yi, bar jiragen sama jannati, an yi su har an gaji. Yi dara. Gidaje 30 ne, biyar sau shida, wato bayit 30. Wanda bai san na'urar ba zai zana kowane gida da layi huɗu, ya tashi da layi 120 kafin ya sa ɗa ko ɗaya. Kai ja layi shida a wannan gefe, bakwai a wancan, 13 ke nan. Ƴaƴan mutum ɗaya su zama gicciye mai layi biyu, na ɗayan su zama kusurwa uku, goma sha biyu-biyu, layi 60. Launi babu, fari ne a kan baƙi. A da leda mai kala ake mannawa a gaban gilashin, kai ma kana iya yanka taka. Na'urar tana da ramin sanda biyu, sai dai samun ta biyun aiki ne, don haka ku riƙa miƙa wa juna guda.

Kwaikwayon kwamfuta ba ya nuna kaucewar tsinke yadda take, dole wata rana ka gwada a akwatin. Nan kawunka zai yi rana. Ana ƙona wasan, wato a rubuta shi, a guntun ma'ajiya na EPROM irin 27C256, a ɗora a ƙaramin faifan da zai shiga ramin kaset. Kafin nan ya duba takardar da ke baya: na Turai volt 220 ne kamar wutarmu, na Amurka kuwa sai da taransifoma. Ya busa ƙurar hunturu, ya duba tsofaffin kondansa, kuma kada ku bar ɗigo mai haske ya tsaya wuri ɗaya, yana ƙona gilashin. Buɗe bayan akwatin ka bar wa kawu, domin gilashin na riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare waya.