Kunfu na Ƙasar Sin: Daga Shaolin Ya Fito? Yana Aiki a Faɗan Gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 13 ya matsa mini sai na sa shi makarantar kunfu. Ni dai iyakar sanina shi ne abin da muka gani a fina-finan 'yan Chana muna yara. An ce dukansa daga wani gidan bautar Buda mai suna Shaolin ya fito, shi ya sa nake ɗari-ɗari. Haka ne? Kuma wai yana da amfani in ɓata-gari suka tare mutum a hanya? Daga wani uba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya raya yaron, ya yi masa albarka.

Shaolin dai akwai shi, yana gindin dutsen Song a lardin Henan, an gina shi wajen shekarar 495. Akwai wani dutse mai rubutu na shekarar 728 da ya nuna cewa a 621 mazauna gidan sun taimaki Li Shimin a yaƙi, wanda daga baya ya zama sarkin daular Tang. Sai dai rubutun bai ambaci wani salon faɗa nasu na musamman ba. Labarin da ake yawan ji, wai wani waliyyin Buda mai suna Bodhidharma ne ya zo daga Indiya ya koya musu, ya fito ne daga wani littafi na ƙarni na 17, fiye da shekara dubu bayan zamanin mutumin. Sunan da Shaolin ya yi a zamanin daular Ming ma da faɗan sanda ya yi shi. Wajen 1560, janar Qi Jiguang, wanda ya yaƙi 'yan fashin teku, ya lissafa salon dambe iri-iri na zamaninsa, su kuwa 'yan Shaolin a maganar sanda ya ambace su. A 1928 wani madugun yaƙi, Shi Yousan, ya cinna wa gidan wuta. Fim ɗin 1982 da Jet Li ya fito a ciki ne ya sake tada sunansa, har garin Dengfeng da ke kusa ya cika da makarantu.

Saboda haka kunfu ba shi da uba ɗaya. Ɗaruruwan salo ne da suka taso a hannun sojoji, da masu rakiyar ayarin fatake, da ƙauyukan da ke tsare kansu daga 'yan fashi, kowane gida da sirrinsa. Su kansu 'yan Sin suna cewa hannu na kudu ne, ƙafa ta arewa. Salon arewa yana da faɗin taku da tsalle da dogon shuri. Na kudu, kamar Hung Gar da Wing Chun, tsayuwa ce daram da saurin hannu a kusa-kusa. Wing Chun ɗin nan shi Bruce Lee ya koya a wurin Ip Man a Hong Kong. Taici kuma, wanda tsofaffi ke yi sannu a hankali a filayen shaƙatawa da sassafe, ya fito ne daga ƙauyen dangin Chen a Henan, Yang Luchan ya kai shi Beijing a ƙarni na 19, a 1956 gwamnati ta taƙaita shi zuwa motsi 24 domin lafiyar jama'a.

Ga inda nake so ka tsaya ka duba da kyau, domin ba kasafai ake faɗa mana ba. Musulmin Sin, musamman ƙabilar Hui, suna cikin manyan ma'abota wannan fanni. Salon Chaquan na lardin Shandong a hannunsu ya yi ƙarfi. Bajiquan, mai bugu da gwiwar hannu da kafaɗa, ana danganta shi da Wu Zhong, Musulmi daga Mengcun a yankin Cangzhou. Reshen salon Xinyi na Henan ya bi ta hannun Ma Xueli na Luoyang, ya daɗe a tsakanin Musulmi kafin ya fita waje. Akwai ma salon da suka raɗa wa sunan butar alwala. Wang Ziping, wanda aka haifa a 1881 ya rasu a 1973, Musulmi ne ɗan Cangzhou, ya shahara da ƙarfi da kokawa da ɗorin karaya. Waɗannan bayin Allah a harabar masallatansu suke atisaye, kasancewarsu 'yan tsiraru masu buƙatar kare kai. Ka ga ashe naushi da shuri ba su da addini, abin da malami ya ɗora a kansu shi ne abin lura.

To, batun faɗan gaske. A nan ba zan ɓoye maka ba: tashi sama da kashe mutum da yatsa ɗaya aikin kyamara da igiya ne. Kuma yarda da irin wannan ta taɓa jawo asarar rayuka. A 1900, 'yan tawayen da Turawa ke kira Boxers sun yi imani cewa atisayensu da tsafe-tsafensu za su hana harsashi huda su, kamar dai yadda ɗan tauri ke ji da maganin ƙarfe, bindiga kuwa ta yi musu kisan kiyashi. Ko shi Qi Jiguang ya ce dambe ba shi ne abin dogaro a fagen fama ba, amfaninsa ya sa jiki ya saki, hannu da ƙafa su saba. A 2017 wani ɗan damben zamani, Xu Xiaodong, ya kayar da wani mai da'awar ƙwarewa a taici a garin Chengdu cikin ƙasa da minti ɗaya. Abin ya ta da ƙura a Sin, amma a ganina darasin a fili yake: wanda bai saba karawa da mai ramawa ba, ranar farko da aka kai masa naushi zai rikice, komai kyawun salonsa.

Shi ya sa wasan na zamani, wanda ake kira wushu, ya kasu biyu. Akwai taolu, jerin motsi da ɗan wasa ke nunawa shi kaɗai alƙalai su ba shi maki. Akwai sanda, ba sandarmu ta duka ba, sunan wasan ke nan da Sinanci, inda mutum biyu ke karawa a kan dandamali da safar hannu da kariyar kai da ta ƙirji, a yi naushi, a yi shuri, a yi kayarwa. In kare kai kake nema wa yaron, na biyun ya fi kusa da buƙatarka. Na farkon kuma ba na banza ba ne, yana gina ƙarfin ƙafa da laushin gaɓoɓi da juriya. Tsayuwar mahayin doki kaɗai, a ware ƙafa a durƙusa a daure, ta isa ta koya wa yaro haƙuri.

Shawarata, ka je makarantar da kanka ka zauna ka kalli darasi guda kafin ka biya ko kwabo. Ka tambayi malamin wa ya koyar da shi. Ka ga ko ana ɗumama jiki kafin a fara, ko yara na karawa da kayan kariya, ko ana haɗa ƙarami da wanda ya fi ƙarfinsa. In ka ga ana sa yara dukan bulo da hannu, ko ana yi musu alkawarin wani ɓoyayyen ƙarfi, ɗauke ɗanka, domin ƙashin ɗan shekara 13 bai gama ƙwari ba. In akwai gaisuwa ko wata al'ada da ba ta kwanta maka ba, ka faɗa wa malamin tun ranar farko. Kuma ka sa ya nanata wa yaron cewa in an zaro masa wuƙa, ya ba da wayar ya tsira da ransa.