Tambayoyinku: Fim ɗin yaron nan mutum-mutumi ya raba mana kai a gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki raba mana gardama. Ƙanina ne ya turo mana wani tsohon fim daga wajen masu tura finafinai a Farm Centre, sunansa A.I., na wani yaro robot da aka kai wa wata mata ta riƙe saboda ɗanta na kwance ba lafiya, wallahi ni kuka na dinga yi, shi kuma maigida sai dariya yake min wai ina yi wa ƙarfe kuka, kuma wai ƙarshen shirme ne tunda aka sako halittun wata duniya. Waye da gaskiya? Daga wata uwa a Gwammaja.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Ai gardamar nan ta girmi wasu yaran gidanku, tun 2001 da fim ɗin ya fito masu kallo suka rabu biyu, su ma Turawan haka suka yi ta yi.

Maigida dai ya yi kuskure a maganar halittun nan, amma ki gaya masa a hankali. Dogayen sirara da suka tono David, wato yaron robot ɗin, daga ƙanƙara bayan shekaru dubu biyu ba daga wata duniya suka zo ba, su ma robot ne da suka ci gaba bayan mutane sun ƙare, shi yasa suke lallaɓa shi, don ya taɓa zama da ɗan Adam. Mutane da yawa sun ɗora wa daraktan fim ɗin, Steven Spielberg, laifi wai shi ya liƙa ƙarshen don a yi kuka, alhali shi ya ce haka yake a tsarin wani darakta, Stanley Kubrick, wanda ya daɗe da aikin a hannunsa ya rasu a 1999 bai yi ba.

Kuma masu cewa fim ɗin ya ƙare da daɗi ni ban san me suka kalla ba. Monica, matar da ta riƙe David, da gashinta wanda Teddy, robot ɗin wasan yara abokin David, ya adana aka dawo da ita, kuma na yini ɗaya tak, ba ƙari.

Kukanki kuwa ban ga abin dariya ba. Ni abin da na lura, mata a nan Kano ba ƙarfe suke gani ba, ɗan riƙo suke gani. An kawo yaro lokacin da gida ba ɗa, uwar da bakinta ta karanta masa kalmomin da za su sa ya so ta har abada ba gogewa, sai Martin ɗan cikinta ya warke ya dawo, kishi ya shiga, daga tsautsayin da ya faru a wajen wanka ta ɗauke shi a mota ta ajiye a daji shi da Teddy, yana roƙo yana cewa zai gyara. Wa bai san gidan da aka yi makamancin haka ba? Eh mutum-mutumi ba shi da rai, Allah kaɗai ke busa rai, maigida ya yi daidai a nan. Amma ai ita Monica tana da shi, kuma ita ta ja shi a jiki.

Sai dai fa kar ki kunna wa ƙananan yara don kin ga yaro a jiki, akwai wajen da ake farfasa robot ɗin a gaban 'yan kallo suna shewa, ga wani robot mai suna Joe da ɗan wasa Jude Law ya fito a matsayinsa, sana'arsa ba ta kallon yara ba ce.