Amsa game da ns-3 da OMNeT++ wajen gwada hari a kan reso

Ƙanena, ka tambaya wanne ya fi dacewa tsakanin ns-3 da OMNeT++, manhajoji biyu na kwaikwayon reso a kwamfuta, don aikinka na kammala karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, inda kake son gwada harin baƙin rami (inda tasha ɗaya ke jawo saƙonni ta zubar da su) a kan AODV, ƙa'idar da tashoshin reso marar waya ke bi wajen neman hanyar aika saƙo, da kwamfutar hannu guda. Na daɗe ina aiki da su biyun a nan Maraɗi, kuma kowanne zai isar maka.

Dukkansu iri ɗaya suke tafiya: agogonsu ba ya bin na bango, tsalle yake daga aukuwa zuwa aukuwa, wato daga tashin ƙunshin bayani zuwa isarsa ko ɓacewarsa, shi ya sa ƙaramar na'ura take iya kwaikwayon reso mai tashoshi 50. An fitar da ns-3 a 2008, da C++ ake rubuta masa gwaji, yana kuma fitar da fayil ɗin pcap, wato rikodin saƙonnin da suka wuce, da za ka buɗe a manhajar duba saƙonni ta Wireshark. OMNeT++, aikin András Varga, ya fi sauƙin kallo, domin da INET, tarin samfuran reso da ake ɗora masa, kana ganin saƙonni suna yawo a allo. Ni ns-3 nake ba ka shawara, saboda AODV yana cikinsa, sai dai harin kai za ka rubuta shi: ka gyara tasha ɗaya ta riƙa amsa kowace neman hanya da lambar jeri mai girma, alamar cewa hanyarta ce mafi sabunta, maƙwabtanta su yarda da ita, sannan ta zubar da duk abin da aka danƙa mata.

Inda nake roƙonka ka yi hattara shi ne wajen sakamako. Lokacin aikina na farko sau ɗaya na gudanar da gwajin, na ga kariyar da na tsara ta yi kyau, na kai wa malamina. Ya ce in canza lambar RngRun, wadda ke sauya abubuwan da ns-3 ke zaɓa bisa sa'a, in sake. Da na sake, tashoshin suka bi wasu hanyoyi dabam, mai harin ya faɗo tsakiyar reso, kariyar ta kasa. Sai da na maimaita sau 30, na fitar da matsakaici da tazararsa, kafin ya karɓa. Ka kuma bayyana a rubutunka cewa harin da ka gwada shi ne wanda ka rubuta da hannunka, domin kwaikwayo ba ya nuna kurakuran manhajar da ke cikin na'urori na gaske.

Ka tsara kowane zagaye ya ajiye sakamakonsa a fayil nasa, domin a lokacin bazara, idan wuta ta ɗauke batir ya ƙare, daga inda ka tsaya za ka ci gaba.