Ku Tambayi Kawu: Kiristoci sun gayyace ni hawan dutse, in bi su?

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, ina wuni ya sanyi. Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou ta Damagaram, gidanmu na unguwar Zango. Inada aboki Kirista tun muna lakwal, su matasan cocinsu suna da wata ƙungiya da suke fita yawon ƙafa ranar Asabar, su hau duwatsun bayan gari wani lokaci har wajen Mirya, to yanata matsa min in zo mu tafi tare kuma wallahi inaso dan zaman ɗaki da latsa salula ya isheni, amma ina tsoron abinda mutane zasu ce, kuma ban san ko wa'azi zasu min ba in munje. Ban ma faɗa ma Baba ba. Ya kake gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. In ra'ayina kake so, ka je. Amma ba a ɓoye ba, kuma ba ido rufe ba.

Abinda yafi damuna a wasiƙarka shine layin ƙarshe, wai baka faɗa ma Baba ba. Damagaram ɗin nan da kake gani ƙaramin gari ne a wajen magana, kafin ka sauko daga dutse wani ɗan kabu-kabu ya riga ya kai labari Zango cewa an ganka cikin 'yan coci, kuma labarin da zai isa kunnen tsohonka ba irin wanda zaka bashi da bakinka bane. Ka sameshi bayan isha'i in hankalinshi ya kwanta, kace Baba wane ɗan gidan wane, wanda ka sani tun muna yara, ya gayyaceni motsa jiki, ga inda zamu ga lokacin dawowa. In da hali abokin yazo ya gaisheshi da kanshi. In Baba yace a'a, to ka haƙura a wannan karon, dutse ba inda zashi.

Maganar wa'azi kuwa, ni bazan rufe ka ba, ƙungiyar Kiristoci ce, ba mamaki su buɗe tafiya da addu'a, su karanta Littafi Mai Tsarki in an zauna hutawa, suyi waƙar yabo. Hakkinsu ne, kamar yadda mu ma bama tashi tafiya ba bisimilla. Abinda ya rage naka shine ka tambaya tun kafin ranar, kai tsaye: me akeyi in anje, dole ne kowa ya zauna wajen addu'ar, in azahar ta same mu a hanya za'a tsaya min in yi salla? Yadda zasu amsa maka ya isheka gane irin mutanen da zaka bi. Masu gaskiya zasu faɗa maka komai ba kwana-kwana, in sun fara ibadarsu ka ja gefe ka zauna ba raini ba tsaki, in sun gama aci gaba da tafiya. In kuma kaga ana ta zagaye-zagaye, ko kullum hira sai an karkato ta kan addininka, kayi godiya ka daina zuwa, abotarku da yaron tana nan. Hukuncin addini dalla-dalla ka kai ma malaminka, ni dai na san aya ta 8 a Suratul Mumtahana bata hana kyautata ma wanda bai yaƙe ka ba.

Kuma akwai abinda yasa maganar nan ta taɓa min zuciya. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 a garin nan aka ƙona coci-coci, aka rasa rayuka, washegari wutar ta kai Yamai. Kiristocinmu 'yan tsiraru ne, da yawansu nan aka haifesu, Hausar nan tamu suke ji, layin famfo ɗaya muke bi in ruwa yayi wuya. Yaron da ya ga wancan tashin hankali yana ƙarami kuma yau shine yake ce ma abokinshi Musulmi zo mu fita tare, ni ina ganin bai kamata a mayar mishi da hannu ba dalili.

To sai maganar jiki, wadda samari basa ɗauka da muhimmanci kuma ita ce tafi saurin kai mutum asibiti. Lokacin hawan dutse shine daga Disamba zuwa Fabrairu. In Afirilu da Mayu suka shigo zafi na haura digiri 40, duwatsun nan su ɗau wuta tun hantsi har baka iya dafa su da tafin hannu, wannan ba lokacin hawa bane komai ƙarfinka. Ku fita da an sallame asuba, kafin sha ɗaya kun sauko. Ruwa kada ya gaza lita 2 naka kai kaɗai, ka naɗe bidon da jiƙaƙƙen tsumma zai riƙe sanyi, kuma kada ka jira sai ƙishi ya kama ka. Dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu sun isa. Silifas a barshi gida dan Allah, dutsen sumul yake kuma hunturu na zuba mishi ƙura mai santsi, saukowa tafi hawa haɗari, ka samu takalmi sau ciki mai kama ƙasa da dogon wando saboda ƙarangiya, wadda in ta cika maka safa sai ka zauna kana cire ta ɗaya ɗaya da farce. Kada ka cusa hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse, nan kunama da kububuwa ke fakewa. In tsautsayi ya faɗa maciji ya sari wani, ba tsagawa ba tsotsa ba ɗaure ƙafa tamau, a hanashi tafiya a ɗaukeshi sai asibiti. Wanda kuma kanshi ya fara juyawa ko gumi ya ɗauke mishi, a kaishi inuwa a jiƙa mishi jiki a bashi ruwa kaɗan kaɗan. In kun shiga ƙauye ku fara da gaida mai gari, kada a ɗauki hoton matan mutane ba izini.

TAMBAYA: Kawu ina kwana. Ni Kirista ce daga Sabon Gari, muna irin wannan fitar da 'yan'uwa, duwatsun kusa sun ishemu muna so muje Kutus ta wajen Gure ko ma Bagzan. Shawara?

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya ƙara ƙarfi. Bagzan dai ku ajiye ta tukuna, ƙololuwarta ta haura mita 2,000, can cikin Ayar take a jihar Agadas, tafiyar kwanaki ce da ɗan jagora ɗan ƙasar, ga yanayin tsaron hanyar arewa ba na wasa bane. Kutus tafi kusa, amma ita ma kada ku tashi sai kun sami wanda ya san wurin, kun sanar da jandarma da mai garin da zaku sauka, kun bar sunayenku da lokacin dawowa wajen fasto. Ruwa ku ɗauka tun daga Gure a mota, kada ku dogara da rijiyar hanya.