Gasar harbin nesa: yadda filinta yake, da ko za ta yiwu a gona a Kaduna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan kallon bidiyon 'yan kulob a ƙasashen waje da suke haɗuwa ranar hutu suna gasar harbin allo daga yadi 600 har 1000, don nishaɗi kawai. Yaya ake tsara ta, kuma me ake tanada a filin? Muna da gona mai hekta 50 a hanyar Kachia, ni da abokaina muna tunanin gwadawa a can. Daga wani mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, bari mu fara da gonar, domin abin da kyamara ba ta nunawa a waɗannan bidiyoyin shi ne abin da ke bayan allon, alhali kuwa da shi ake auna filin harbi. Gona mai hekta 50, idan murabba'i ce, kowane gefenta kamar mita 700 ne, ko yadi 1000 ɗin ba ta kai ba. Harsashi mai faɗin milimita 7.62 kuwa idan ya tsallake allo yana iya cin kusan kilomita 4 kafin ya faɗo, ƙaramin harsashin .22 ma da ake rainawa yana kai kilomita ɗaya da rabi. Ka tsaya a iyakar gonarka ka ƙiyasta kilomita 4: akwai burtali, akwai rugga, akwai mata masu itace da yaran da aka aika kai abinci gona. Saboda haka amsarmu kan gonar ita ce a'a.

Sai doka. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na soja masu 7.62mm, 9mm, .300 da .303, haɗe da fistol, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta, bindigar wasa da bindigar iska suna hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Adaka da sauran masu ɗurin baki kuwa Kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da izininsu. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai matsalar gani, ko wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. A 2023 ma rundunar ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Ka lura, harsashin .308 da aka fi harbawa a irin wannan gasa faɗinsa ɗaya da 7.62, kada ka ɗauka za a dube shi a matsayin kayan wasa. Filayen harbi na Jaji da na NDA don horon soja aka yi su, farar hula ba ya taka su sai da izinin hukumarsu.

Yanzu ga filin yadda ya kamata ya kasance. Bayan alluna ana tayar da ganuwar ƙasa mai tsayin mita 6 ko fiye, fuskarta da rairayi ko ƙasar da aka tankaɗe, babu dutse ko ɗaya. Wannan ya shafe mu sosai, don ƙasarmu ta marmara ce, da rani takan bushe ta zama kamar daɓe, harsashin da ya same ta a kaikaice ba ya nutsewa, tsalle yake yi ya sauya hanya. Damina kuma tana zaizaye kan ganuwar tana fito da tsakuwa, dole a sake auna ta a yi ciko kowace shekara bayan ɗaukewar ruwa. Ganuwar ba ta wadatar ita kaɗai. Bayanta ana barin fili na kilomitoci wanda kulob ke da iko da shi, da shinge, da jar tuta, da mai gadi riƙe da rediyo a kowace mashiga. Dalmar da ke taruwa a ganuwar ana tace ta lokaci-lokaci, ba a noma a wurin, ba a haƙa rijiya kusa. Duk wanda ya tuna yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba zai ga wannan a matsayin tsanantawa ba.

Allo iri uku ne. Na gargajiya, kamar na filin Bisli a Ingila, takarda ce a kan firam mai hawa da sauka, masu alama suna tsaye cikin dogon rami a bayan bangon kankare da aka lulluɓe da ƙasa. An harba, sai mai alama ya jawo firam ɗin ƙasa, ya soka faifai a sabon hujin, fari a kan baƙi ko baƙi a kan fari, ya liƙe tsohon da takarda, ya sa wani faifan a gefen da ke nuna maki, ya mayar sama. Gwani yana gama wannan cikin daƙiƙa 10. Idan ya yi nawa, iskar da maharbi ya karanta ta riga ta juya, shi ya sa rigimar gasa takan taso daga rami. Na biyu na lantarki ne, makirfo a kusurwoyin firam suna jin ƙarar wucewar harsashi su aiko da wurin zuwa waya. Irin wannan na fili sai harsashin ya iso da gudun da ya wuce na sauti yake ji, kuma idan firam ɗin yana rawa a iska, ƙarya zai riƙa faɗa.

Na uku shi ne faifan ƙarfe mai ƙara da ka fi gani a bidiyo, kuma a nan mutane suka fi jin rauni. Ƙarfe ne na musamman mai tauri, AR500, kaurin milimita 10, a rataye da sarƙa ko ɓallin taya, a sunkuyar da fuskarsa kamar digiri 20 don ɓarɓashi ya zube ƙasa, kuma ba a harbinsa da babbar bindiga a ƙasa da yadi 100. Farantin da mai walda zai yanko maka a Panteka laushi gare shi. Harsashi yana yi masa rami kamar cokali, na gaba idan ya faɗa ramin sai ya dawo wajen masu harbi. Faifan da ya fara ramuka ko ya lanƙwashe an gama da shi. Tartsatsinsa kuma yana kunna busasshiyar ciyawa, don haka ana share kewayensa ƙwal.

Tsarin gasar ba shi da wuya. Ana raba mutane kashi uku: wasu na harbi a kwance rub da ciki, wasu na rubuta musu maki, wasu na rami, sai a juya. Kowa yana da harbin gwaji 2, sannan 15 ko 20 na maki. A tsarin F-Class, wani nau'in gasar harbin nesa da ya faro daga Kanada, rukunin F-TR na .223 da .308 ne kawai, nauyin bindiga da ƙafafunta kada ya wuce kilo 8.25, ɗaya rukunin, F-Open, kuwa har kilo 10. A allon Amurka na yadi 1000, da'irar maki 10 faɗinta inci 10 ne, wato santimita 25. Murya ɗaya ake bi, ta jami'in fili. Kafin ya ba da umarni kowace bindiga a buɗe take da tutar roba a cikinta, babu mai taɓa kunama. Amma "a dakata" kowa yana da ikon faɗa, ko yaron da ya hango saniya. Toshe kunne wajibi ne, don ƙarar takan kai desibel 160, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo iska ce. Saukar harsashi lissafi ne da ake rubutawa: .308 da aka saita a yadi 100 yana sauka kusan mita 10 kafin yadi 1000, cikin fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi, kuma kowane ƙas da aka murɗa a madubin saiti yakan gusar da shi kamar santimita 6 da rabi a can. Iska ba ta rubutuwa. Mai gudun kilomita 16 a awa daga gefe tana ture shi wajen mita 2 da rabi, ke nan sauyin kilomita 2 kacal ya fitar da kai daga da'irar tsakiya. Shi ya sa ake kafa dogayen tutoci a tsawon fili, maharba kuma suna karanta kawalwalniya ta madubi: idan tana tafasa sama iskar gefe ta kwanta, idan ta karkata ta taso, idan ta miƙe kwance ta yi ƙarfi. A yanayi irin na Kaduna safiya ce lokacin harbi, kafin rana ta ɗaga kawalwalniyar ta narkar da allon. Hunturu kuma yana zuwa da iskar arewa maso gabas mai fizga, ranar da hazo ya sauka ma allon yadi 1000 ba ya ganuwa, kuma ba a harbin abin da ba a ga bayansa ba.

Idan sha'awar da gaske ce, Malam, ƙofar da ta fi kusa da ku ita ce bindigar iska ta mita 10, wadda ake fafatawa da ita a gasar Olamfik. Zaure mai tsawon mita 14 ya isa, da bangon bulo, da akwatin ƙarfe mai kama ƙwaya a bayan kowane allo, da ƙofa ɗaya a bayan masu harbi. Ita ma sai da lasisi, don haka kafin ku sayi ko ƙwaya ɗaya ku yi rajistar kulob, ku rubuta wa Sufeto Janar na 'yan sanda, ku nemi ma'aikatar wasanni ta jiha ta haɗa ku da hukumar wasan harbi ta ƙasa. Kada kusancin ya sa ku raina ta. Ƙwayar milimita 4.5 ce, ɗigon maki 10 rabin milimita ne, ana harbi 60 a tsaye babu jingina cikin minti 75, kuma a wannan tsayuwar hatta bugun zuciyarka yana motsa bakin bindiga.